Afil

Shekara ashirin da bakwai ina tsaye
tsakanin bakin alƙali da kunnen talaka.
Tafinta ne ni a Jos,
gadar da ake takawa ba a waiwaye ta.
Kalmomi dubu sun bi ta kaina sun wuce,
ɗaya ce ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Ran da Ngo Chundung ta faɗi shari'a
kan gonar dankalinta ta bayan Bukuru,
wadda ta yi iyaka da kududdufin kuza,
lauyanta ya sunkuyo ya ce, "Za mu yi afil."
Ta juyo gare ni: "Ɗana, mene ne kuma afil?"
Na ce, "Ɗaukaka ƙara, Ngo.
A ɗauki kukanki a hau da shi bene."
Ta dubi gwiwoyinta, ta dubi matakala,
ta ce, "Nawa ne kuɗin dakon?"

Shekarar da gari ya yamutse,
aka hana fita tun daga la'asar,
wani babba ya hau rediyo da Turanci,
sau huɗu yana nanata kalmar.
Mai fassara ya ce wai ya yi kira ga jama'a.
Na yi dariya ni kaɗai a duhu.
Roƙo ne, malam, roƙo yake yi!
Amma wa ya isa ya ce babba ya yi roƙo?
Sai an sa wa kalma babbar riga da hula
kafin a fito da ita gaban mutane.

Sai kuma 'yata Sawaba, a Taminus.
Na zaɓa mata atamfa mai ruwan goro,
ta juya ta sau biyu, ta taɓe baki:
"Baba, wannan ba ta yi mini afil ba."
Na ce, "Wa ya kai ƙarar atamfar?"
Har mai shago ya riƙe ciki.
Wai ba ta burge ta ba,
ba ta kwanta mata a rai ba,
shi ke nan.

To, ƙara, da roƙo, da jan ido,
Bature ya ɗura su a buhu guda,
mu kuwa kowanne da ɗakinsa da makullinsa.
Na daɗe ina ce masa rowar baki.

Bara aka kira lambar Ngo,
bayan shekara tara da ɗage zama goma sha ɗaya.
Jikanta Davou ne ya miƙe,
da takardar asibiti a ninke huɗu.
Gonar kuwa tuni ana buga bulo a cikinta.
Alƙali ya faɗi abin da zai faɗa,
ni kuma na juya shi zuwa Hausa
ina kallon gurbinta a benci.
A nan na gane buhun Bature:
duka ukun hannu ne a miƙe
zuwa ga wanda ke da ikon cewa a'a.

Yau kwana huɗu Indo ba ta yi mini magana ba,
kan kuɗin adashenta da na taɓa
na gyara babur.
Ta saurare ni, ta yanke, ta tashi,
kuma babu bene a samanta.

Na biya Farin Gada na sayo kabeji da karas,
da tsiren ƙoda, irin wanda take so,
na sa hular nan da ta taɓa cewa tana yi mini kyau,
tun Sawaba na goye.
Na tsaya bakin madafa, sanyi na cin kunnena,
mai ƙara, mai roƙo, mai neman shiga ido,
mutum ɗaya, leda ɗaya,
ba lauya, ba tafinta.

Ta karɓi ledar.
Ta dubi hular, ta kau da kai.
An ɗage zama sai da safe.